Ranar da Muka Ɗaure Kanmu a Kasuwar Kelle

Shekarata ta uku a Gure na fara jin haushin yashi kamar wani mutum ne da ya yi mini laifi. Ni ɗan Adar ne, ƙasar dutse, inda in ka taka ƙasa takan tsaya maka. A Gure kuwa ka yi taku uku gaba, yashi ya maido ka ɗaya baya. An turo ni koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a tsakiyar shekarun saba'in, babban farin nan bai daɗe da wucewa ba. Sau uku ina rubuta takardar neman canjin wuri, sau uku ana aiko mini cewa an gani. Rayuwata ba ta wuce aji, gida, gindin iccen bedin ƙofar gida, sai kuma aji ba. In motar Damagaram ta taho nakan riga kowa jin kukanta, in fito in tsaya bakin hanya, alhali ba ni da kowa a cikinta.

Wannan ƙuncin ne ya jefa ni cikin teyatur. A lokacin kumandan mai mulkin garin yana son a riƙa yi wa jama'a wasan wayar da kai: a kai yara lakwal, a kai dabbobi allura, a tafasa ruwan sha. Wani ya cusa matashin kai a ciki ya zama Alhaji, wani ya shafa alli a gemu ya zama tsoho, a yi dariya a watse, gobe kowa ya ci gaba da abin da ya saba. Na yi irin wannan har na ƙoshi. Da ƴan wasan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ban roƙi kowa ba. Muka rage mu huɗu.

Akwai Likita, wani Bazabarme mai yin allura a asibitin gari, wanda Hausarsa ke tafiya da ɗingishi. Shi ma turo shi aka yi, shi ma takarda yake jira. Akwai Madam, abokiyar aikina, ƴar Mangawa haifaffiyar garin, wadda in ka faɗa mata ɗaya sai ta mayar maka da biyu. Sai ni. Sai kuma Falanto.

Falanto ba sunansa ba ne, aikinsa ne. Shi ke tsaron ƙofar ofishin dabbobi, ya yi shara, ya kai takardun da bai iya karantawa ba. Bafulatani ne, ya girme ni da shekara goma sha wani abu. Kafin fari yana da garkensa wajen Alakos. Fari ya cinye su tas. Ya kai matarsa da ƴaƴansa wurin danginta, ya shigo gari, aka ba shi rigar kaki wadda hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Kullum da la'asar sakaliya yakan fita bayan gari ya tsaya inda shanun mutane ke wucewa in sun dawo kiwo. Ni ma can nake zuwa kallon hanya. Haka muka saba, ba tare da wata doguwar magana ba.

Wata rana muna neman wanda zai fito a saniya a wasan allurar dabbobi, Madam ta hango shi a bakin taga ta tsokane shi, yadda Mangawa ke tsokanar Fulani tun kaka da kakanni.

"Kai bawana, shigo ka yi mana abin da ka fi iyawa."

Muna jiran ya yi kukan shanu mu sha dariya. Bai yi kuka ba. Ya sunkuya, ya saki wuya, ya fara takawa yadda saniya ke takawa in ta kwana uku ba ta sha ruwa ba, ƙafar baya tana makara, hanci yana bin ƙasa. Ba wanda ya yi dariya a ajin. Likita ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe bai waiwayo ba.

A ranar na yanke shawarar mu jefar da magana gaba ɗaya. Dama ko da Hausa muka yi wasa, wasu ƴan kallon Barbarci ya fi shiga kunnensu, wasu Fulatanci, sai na kusa ya riƙa fassara wa na kusa. Muka riƙa haɗuwa a ajina bayan an tashi yara, mu tura kujeru gefe, kowa ya kawo abin da jikinsa ya riƙe daga shekarun fari. Likita ya kawo yadda uwa ke riƙe jaririn da ya daina tsotso. Madam ta kawo ƙarar ludayi a gindin tukunyar da ba komai. Falanto ya kawo igiyar rijiya da turke. Ni kuwa ko a tsakiyar farin ban taɓa kwana da yunwa ba, ba ni da abin kawowa, don haka na kawo dokoki.

Dokokina uku ne. Ba magana. Ba dandali, inda mutane suke nan za mu yi. Ta uku ita ce abin alfaharina: ba mu za mu ƙare wasan ba, ƴan kallo ne za su ƙare shi. Za a kafa turke, a ɗaure mu maza uku a ƙugu da igiya ɗaya. Madam za ta ajiye ƙwaryar ruwa inda hannu ba ya kaiwa, in ɗayanmu ya miƙa sai ya jawo sauran biyun su faɗi, ita kuma lokaci-lokaci ta ɗan tsiyayar da ruwan a yashi. Ba mai kwance kansa. Haka za mu kasance har wani cikin jama'a ya kasa jurewa ya fito ya kwance mu. Muka haɗa hannu muka yi alkawari. Ni da Likita mun yi shi ne irin na ƴan boko, wanda akan duba hali in rana ta yi zafi. Ban lura da yadda Falanto ya yi nasa ba.

Mun fara yi a cikin Gure, bakin kasuwa. Ba mu yi rabin awa ba wata tsohuwa mai sayar da dabino ta ture mutane tana faɗa, tana cewa garin nan ba masu imani, ta kwance mu ɗaya bayan ɗaya tana zagin wanda ya ɗaure mu. Na ga manyan mutane suna share ido da bakin rawani. Kaina ya kumbura. Na ce wa sauran ai wannan somin taɓi ne, ƴan gari kallon fari suka yi daga nesa, sai mun kai wasan gaban waɗanda abin ya ci. Motar ofishin dabbobi za ta je Kelle ranar kasuwa yin allura, direba ya yarda ya ɗauke mu.

Ana saura kwana biyu Falanto ya yi sallama a gidana. Bai taɓa zama a tabarmata ba sai ranar. Kamar kowa a garin, Mushe yake ce mini, wato malam a Faransance.

"Mushe, da za a ɗaga wasan nan zuwa wata kasuwar, da na gode."

Na tambaye shi dalili. Ya ce kawunsa, yayan mahaifiyarsa, ya aiko masa da saƙo. Shanun kawun kaɗan sun tsira, bana damina ta yi kyau, kuma ya ce a wannan kasuwar zai kawo masa karsana ta habbanaye. Wato a ba ka karsana ka riƙe, ta haifa maka sau uku, ƴaƴan naka ne, uwar ka mayar wa mai ita. Da haka wanda ya rasa komai yake komawa daji. Ya ce in ta shigo hannunsa zai ajiye kakin nan, ya ɗauko iyalinsa, ya bi garken kawun. Shekara biyu ke nan ba abin da yake jira sai wannan. Yana faɗa yana murza bakin tabarma, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kada abin ya ji ya gudu.

"To ai alheri ne biyu," na ce. "Ka yi wasa ka karɓi saniya."

"Mushe, kasuwar dabbobi ba kamar ta gari ba ce. Igiya a can…"

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Ni da na yi karatu a Damagaram, falanto ne zai koya mini ƴan kallo? Na ce motar ba za ta sake zuwa ba sai bayan wata biyu. Na ce rabin awa ne, kafin kawunsa ya iso mun wanke fuska. Da na ga bai gamsu ba, na jefa masa abin da na san zai kama shi.

"Ba ka yi alkawari ba?"

Ya dubi yatsun ƙafarsa. "Na yi."

Har yau in na tuna yadda na faɗi wannan maganar, kunya nake ji.

Mun isa Kelle da sassafe, kasuwa ba ta cika ba. Muka kafa turkenmu a gefen da ake tsayar da dabbobi, don ni na nace sai can. Falanto ya ɗaure Likita, ya ɗaure ni, ya ɗaure kansa. Ya tuɓe kakin, ya rage daga shi sai ƴar shara. Ko da mutane suka fara shigowa da raƙuma da shanu da awaki, a ɗaure suka tarar da mu.

Farko abin ya yi daɗi. Jama'a ta kewaye mu. Likita ya miƙa hannu wajen ƙwarya, muka zube. Na ja, suka zube. Wasu samarin Mangawa suka gane Falanto suka fara yi masa tsiya, wai yau an kama Bafulatani an haɗa shi da ƴan'uwansa, nawa za a sayar. Aka yi dariya. Sai Falanto ya fara tafiyar saniyarsa, dariyar ta mutu a bakin masu ita. Na ce a raina yanzu wani zai fito.

Wadda ta fito wata mata ce mai tallan nono. Ta nufi Madam kai tsaye, ta fizge ƙwaryar daga hannunta.

"Ke ba ki da tsoron Allah? Ruwa kike zubarwa a ƙasa, ga bayin Allah na ƙishi?"

Ta kawo mana ƙwaryar har baki, ta shayar da mu ɗaya bayan ɗaya, ta jira kowa ya ƙoshi. Hannunta ya goga igiyar ƙuguna, amma ba ta kwance ba. Ta miƙe, ta mayar wa Madam ƙwarya, ta ɗauki tallanta ta wuce.

Bayan ita wani dillalin shanu ya zo ya durƙusa ya duba ƙullin, ya ce ɗaurin gwani ne. Ya ɗaga kai ya tambayi jama'a, "Su na wane ne?"

"Mai su bai zo ba tukuna," in ji wani.

"To a bar su. Zai zo."

A nan na gane abin da na hana Falanto faɗa. Waɗannan mutane ba rashin tausayi ke damunsu ba. A wurinsu abin da ka tarar a turke yana da mai shi. Kana iya ba shi ruwa, kana iya korar masa kare, amma ba ka taɓa igiyarsa, domin mai kwance ɗaurin da ba nasa ba sunansa ɓarawo. Kowa a kasuwar nan da wannan ya tashi tun yana bin ƴan maruƙa. Na gina wasa a kan abu ɗaya tak da ba wanda zai yi a wurin.

Hantsi ya ɗaga. Masu kallo suka fara komawa ga cinikinsu. Mai wucewa ya dube mu ya ce Allah ya kyauta, ya wuce. Igiyar ta jiƙe da gumi ta fara cin fata. Yashi ya ɗauki zafi har ba ka iya barin gwiwa a kansa, ba ka kuma iya miƙewa sosai sai ka jawo ɗan'uwanka. Ƙudaje suka bar kashin shanu suka dawo kanmu. Taku huɗu gabas, taku huɗu yamma, iyakar duniyarmu ke nan. Likita ya matso ya yi mini raɗa, "Mushe, rana ya kashe ni, wallahi." Na harare shi har ya yi shiru.

Ban ga isowar kawun da idona ba, a ƙuguna na ji ta. Igiyar ta yi wata irin rawa ta tsaya cak. Na bi idon Falanto, sai ga wani dogon tsoho da malfa, sanda a kafaɗa, yana jan jar karsana mai farin goshi. Kyakkyawa ce, ko ni da ban san shanu ba na ga haka. Tsohon ya tsaya ya dubi ɗan ƙanwarsa tsirara rabi, yashi a gemu, igiya a ƙugu, tsakanin baƙi biyu. Ya ja karsanarsa zuwa gindin wata aduwa da ke fuskantarmu, ya zauna, ya ɗora sandar a cinya.

Nan ne wurin da ba ni da abin kare kaina. Na san abin da ke gindin aduwar nan, na san shekara biyun da mutumin ya yi yana jiransa. Kalma ɗaya daga bakina ta isa, ni na kafa dokar, ni ke iya karya ta. Amma sai wani tunani ya shige ni: ai kawun ne zai kwance mu. Jini ba zai jure ba. Tsoho zai taso ya karya al'adar kasuwa saboda ɗan ƙanwarsa, kuma ba a taɓa yin wasan da ya ƙare haka ba a ƙasar nan. Har na fara tsara yadda zan ba da labarin in na koma Adar. Ina tsaye cikin rana da leɓe a tsage, ina jin daɗin kaina.

Falanto bai dube ni ba, bai roƙe ni da ido ba. Da ya yi, wataƙila da na farka. Ya ci gaba da wasan yadda muka shirya. Ya miƙa hannu ga ƙwarya, muka ja shi ya faɗi. Ya tashi, ya saki wuya, ya yi tafiyar saniyar da ƙishi ya gama da ita, a gaban mutumin da ya koya masa kiwo. Bai taɓa yin ta da kyau kamar ranar ba. Karsanar ta ɗaga kai tana kallonsa. Tsohon bai motsa ba.

Aka kira azahar. Kasuwa ta lafa, mutane suka yi sahu-sahu a inuwa. Kawun ya yi alwala da ɗan ruwan gorarsa, ya yi sallarsa a gefen karsanar, ya koma ya zauna. Mu muna turke. Inuwar aduwar ta juya ta fara tsawo. Sai Madam ta kife ƙwaryar a ƙasa, ta zo ta tsaya a gabana, ta yi magana da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Mushe, ka ji tsoron Allah. Salla za ta wuce ku saboda taurin kanka. Ya isa haka."

Likita bai jira amsata ba, ya kwance kansa ya nufi rijiya yana tangaɗi. Na tsaya kaɗan don kada a ce Madam ce ta sa ni, sannan na kwance nawa. Na ce wa Falanto, "An gama. Kwance."

Bai motsa ba. Hannuwansa na rataye a gefensa, idonsa na gindin aduwa. Shi alkawarin da ya yi, ba mai kwance kansa. Na sake cewa an gama, ya yi kamar bai ji ba. Haushi ya kama ni, na gaji, ƙuguna na zafi. Na sa hannu na fizge ƙullin nasa, igiyar ta faɗi a yashi.

Tana faɗuwa tsohon ya miƙe. Ya karkaɗe rigarsa, ya saɓa sanda, ya ja karsanar ya nufi hanyar fita kasuwa.

Na bi shi da gudu, Falanto na biye da ni. Na sha gabansa na gaishe shi, na fara zuba bayani. Na ce Baba wasa ne, teyatur ake ce masa, ba wanda ya yi laifi, labarin fari muke nunawa, ni malamin lakwal ne, ni na shirya komai. Ya saurare ni har na ƙare, bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da zai amsa bai yi Fulatanci ba, da Hausa ya yi don in ji da kunnena.

"Malam, tun hantsi nake zaune. Na tarar da ɗan ƙanwata a ɗaure, ban san wanda ya ɗaure shi ba. Da ya buɗe baki ya ce kawu, da na taso, ko igiyar gwamnati ce. Bai kira ni ba. Na ce to, bari in zauna in ga mai shi." Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ga shi na gani."

"Baba, ba haka ba ne…"

"Saniyar nan daji za ta. Tana son mutumin da ke tashi da kansa. Wannan kuwa ba ya tashi sai kai ka ce masa tashi." Ya gyara igiyar a hannunsa. Ba faɗa a muryarsa, da ma akwai da na fi jin sauƙi. "Ka riƙe shi da kyau, Malam. Mai haƙuri ne."

Ya wuce. Da karsanar ta zo gifta Falanto ya ɗan ɗaga hannu kamar zai shafa bayanta, sai ya mayar da hannun. Muka tsaya muna kallonsu har suka haura tudun yashi suka sauka ta can baya.

Shekarar da ta biyo aka ba ni canjin da nake nema. Falanto kuwa duk wanda ya zo daga Gure na tambaya, sai a ce yana nan bakin ƙofar ofishin, har na daina tambaya don na gaji da jin amsar. Amma ba wannan ne ke hana ni sakewa ba in abin ya faɗo mini. Abin da ya biyo bayan tafiyar tsohon ne.

Mun koma wurin turken, kasuwa ta fara watsewa. Falanto ya ɗauki rigar kakinsa ya karkaɗe, ya sa, ya ɓalle maɓallan har wuya. Ya naɗe igiyar a gwiwar hannu yadda ya saba. Sannan ya tsaya a kan turken, ya juyo ya dube ni, yana jira.

"Mushe," ya ce, "in cire turken?"